Ƙasa da Ɗari

Shekara goma sha bakwai jakar na bayan ƙofar sito,
tsakanin buhun masara da matacciyar fanka.
Ran da na jawo ta, zanzaro ya yi gini a bakinta,
ɗaki uku, har da na baƙi.
Na ba shi haƙuri, na rushe.

Likita ce ta ce in riƙa tafiya,
wai sukari ya fara yi mini kallon raini.
Ni kuwa ban iya tafiyar banza ba,
sai da abin bi a gabana.
To ga ɗan farin abu, bai kai ƙwan zabuwa ba:
in buga, in bi, in nema, in sake bugawa.
Uwani ta ce, wannan ai kiwo ne ba dabba.

Safiyar Asabar, Bauchi na ƙamshin ruwan jiya,
duwatsu sun yi wanka, gajimare ya zauna a kansu.
Na tsaya irin tsayuwata ta ɗan shekara arba'in.
Kai ya tuna. Ƙugu ya ce bai san zancen ba.
Na ɗaga, na sauke da ƙarfin fansho gaba ɗaya,
ƙasa ta tashi, ciyawa ta tashi, balbela ta tashi,
ƙwallo na nan inda na ajiye ta.

Bappah mai ɗaukar jaka bai yi dariya ba.
Ya dai sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi,
alhali silifas ne a ƙafarsa.
Da ya ɗago ya ce, Baba, sandar ba guduwa za ta yi ba.
Riƙe ta yadda kake riƙe masar Wunti da zafinta,
kar ta faɗi, kar kuma ka matse.

Ɗari da sha takwas na rubuta ran nan.
Ƙwallo biyar suka tafi ba sallama:
biyu a rafi, biyu a gamba,
ɗaya wani yaro ya sayar mini da ita washegari.

A rami na bakwai akwai darbejiya,
Istifanus ya kan ce matata ce ta biyu, don yawan ziyara.
Shi ya riga mu gidan gaskiya. Ita ta ƙara kauri.
Wata Talata na sami ƙwallona maƙale a saiwarta,
Bappah ya yi nisa, ba kowa sai kurciya.
Taɓi ɗaya da gefen ƙafa, magana ta ƙare.
Shekara talatin ina odita,
ina kama sifirin da wasu suka tura da gefen ƙafa.
Na tsaya har gumi ya sauko mini a wuya,
sannan na buga ta a inda take.
Tara na ci a ramin. Na rubuta tara.

Yanzu kullum bayan la'asar ƙwallo talatin,
ƙarfe mai lamba bakwai kawai, har tafi ya yi kanta.
Da dare ina gangara su kan darduma zuwa kofin shayi,
jikata Ummita na ƙirga mini, tana ƙara na alheri.
Filinmu ba koren talabijin ba ne,
yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai,
sai an share maka hanya kamar ango,
kuma duk da haka ka kauce.

Amma wani lokaci, sau ɗaya cikin ashirin,
sanda kan sami ƙwallo a daidai cibiyarta.
Ba ka jin komai a hannu. Ƙas!
Ta hau, ta tsaya a sama kamar tana tunani,
ta sauka inda ka aike ta.
Wannan ɗayan ne ke tashe ni kafin ladan.

Yau a rami na ƙarshe ta je bakin, ta leƙa,
ta kewaya, ta fasa shiga.
Ɗari da ɗaya.
Bappah ya goge sandar da gefen rigarsa,
ya ce, saura biyu, Baba.
Na ce masa gwiwa na ciwo, sai wani makon.
Ya ce to.
Mu biyun mun san jibi ne.