Zaure Ɗaya

Ƙarƙashin kibod ɗin Malam Hambali
akwai kwalin ashana da aka warware.
A bayansa, da jan biro,
kalmomin sirri guda shida:
ta imel, ta neman hutu, ta takardar albashi,
ta ma'ajiyar magani.
Sauran biyun, shi kansa ya manta ƙofar da suke buɗewa.
Duk Litinin sai ya hawo bene yana haki:
"Barira, sun kuma kulle ni waje."

Asibitinmu ƙarami ne, bayan Ƙofar Marusa,
amma ƙofofinsa na cikin kwamfuta
sun kusa kamo na ganuwa yawa.
Ni na gina su, ban musa ba.
Kowace manhaja na ɗora mata mai gadi,
kuma masu gadin ba sa ga-maciji:
ko wancan ya shaida ka,
wannan sai ya ce bai taɓa ganin fuskarka ba.

Sai na ce a yi zaure ɗaya.
Wanda ya yi sallama a akwatin imel,
aka amsa masa,
a miƙa masa ɗan tikiti mai hatimi
ɗauke da sunansa da sa'ar da zai lalace.
Ya nuna a ɗakin albashi, ya nuna a ɗakin magani,
kada wani ya ƙara tambayarsa ɗan gidan wa ne.

A takarda, kamar shan kunu.
Dare uku ina nan
har mai shayin bakin titi ya kife bencinsa.
Tikiti ya fito lafiya lau,
ya isa ƙofa ta biyu, a ce ya mutu.
Na zargi hatimi. Na zargi waƙafi.
Na zargi idona.
Ashe agogo ne.
Ran da batirin inbata ya ƙone
sabar guda ta yi gyangyaɗin minti bakwai,
ta farka ba ta gaya wa kowa ba.
Jaririn da ta haifa yanzu-yanzu,
maƙwabciyarta da furfura take ganinsa.
Na daidaita su
kamar ladanai biyu da suka yarda rana ɗaya ce ke faɗuwa.
Na yi ta dariya ni kaɗai
har Tasi'u ya leƙo da tocila.

Da safe Malam ya buga kalma ɗaya, da yatsa ɗaya.
Saƙonni suka baje.
Ya taɓa albashi, ya buɗe.
Ya taɓa magani, ya buɗe.
Ya zare tabarau: "Shi ke nan?"
Na ce shi ke nan, a jefar da kwalin.
Ya mayar da shi mazauninsa:
"Ba a zubar da ruwan tulu don hadari ya taso."

Damina biyu bai hawo bene ba.
Ban san ina jiran hakin nan ba
sai da ya daina zuwa.

Jiya takarda ta sauko daga ofis:
ya cika shekarun aiki, a rufe asusunsa.
Da a da ne, wuni zan yi
ina bin ƙofa shida ɗaya bayan ɗaya,
ina share sunansa a hankali,
irin rakiyar da ake wa baƙon kirki,
daga tsakar gida har bakin titi,
a tsaya, a ƙara gaisawa.

Yanzu dannawa ɗaya ce.
Duka suka rufe tare,
ko ƙarar sakata ban ji ba.

Na sauka na ɗaga kibod ɗinsa.
Kwalin na nan, ya yi laushi.
Kalma ta biyar, wadda ba ta buɗe komi,
Sahura ce, da wata shekara a gefenta.
Ban san ko wace ce ba.
Shekara tara muna gaisawa,
ban taɓa tambaya ba.