Layi Mai Ruwan Ɗorawa

A sitonmu na Ƙofar Ƙwaya, kafin zuwana,
"Alhaji ya ce" ita ce takarda,
ita ce hatimi, ita ce ɗan makulli.
Buhu ya fita da "Alhaji ya ce",
mota ta kama hanyar Jibiya da "Alhaji ya ce".
Ƙarshen wata lissafi ya zo da wawulo:
taki arba'in da ɗaya babu,
kuma ba wanda ya ci,
kowa dai ya ji an ce.

Ni aka ɗauko in gyara rahoto.
Na ce, rahoton da ke magana bayan an dawo daga maƙabarta
ta'aziyya ce, ba lissafi ba.
Sai na huda masa ƙofa a gefe,
na dasa maɓalli biyu da ɗan gurbin dalili.

Mai buƙata ya rubuta: nawa, don wa, yaushe biya.
Layinsa ya yi ruwan ɗorawa, ya zauna jira.
Wayar Malam Lurwanu mai sito ta motsa: akwai kayan?
Daga shi sai Tasalla akanta: akwai tsohon bashi?
In ya haura goma, sai Alhaji Mamuda da kansa.
Kore ya wuce.
Ja ya koma gida riƙe da dalilinsa.
Kowane yatsa da sunansa, da sa'arsa, da mintinsa.

Makon farko na sha zagi har kakata.
Shitu direba ya ce na sa wa ciniki dabaibayi,
wai da can kafin shayinsa ya huce ya gama lodi.

Ran wata Laraba, bayan la'asar,
sai ga Alhaji da surukinsa daga Mashi.
"Lurwanu, buɗe, ba shi ashirin."
Lurwanu ya dubi makulli, ya dubi waya,
ya haɗiye miyau:
"Ranka ya daɗe, ban ga layi ba."

Alhaji ya zauna a benci, ya gyara tabarau,
ya roƙi kansa da kansa, harafi bayan harafi.
Lurwanu ya ba shi kore.
Can ciki Tasalla ta buɗe shafin bara,
ta tarar da sha biyu da suka tafi ba sallama.
Babban yatsanta ya tsaya a iska.
Fanka kaɗai ke magana.
Ja.
Dalili: na bara bai dawo ba.

Alhaji ya karanta sau biyu, ya tura hula ƙeya,
ya juya wa suruki fuskar waya:
"Ka gani ko? Ba ni ba ne, na'ura ce."
Na sunkuyar da kai don kar dariya ta tona ni.
Na'ura ba ta da yatsa,
sunan Tasalla na nan ƙasa, ƙarfe huɗu da minti tara.

Yau rahoto ya cike, ba giɓi ko na tiya.
Amma can ƙasa, inda ido ba ya saurin kaiwa,
layi ɗaya bai canza launi ba:
Baba Ɗantani maigadi, rabin buhu,
a cire a albashi.
Kwana tara.
Tasalla ta haihu ran Asabar,
ni kuwa ban gina mata magaji a hanya ba.
Ruwa ya sauka sau biyu a gonarsa,
gero ba ya jiran kore.
Kullum yana buɗe mini ƙofa, bai taɓa tambaya ba.
Da zamanin "Alhaji ya ce" ne,
da tuni ya ɗaure shi a bayan keke.

An kira isha'i, ban tashi ba.
Ina koya wa layi yin kururuwa
in ya kwana uku ba wanda ya waiwaye shi.
A waje tocilan ɗin Baba na bin kwaɗuna
ɗaya bayan ɗaya.