Marka a Kan Dutsen Keita

Mai gadin ya daɗe yana laluben mabuɗi.
Ya ce tun saukar ruwan fari
ba wanda ya hawo nan
sai awaki, da wani mai gyaran lantarki, shi ma sau ɗaya.
"Baƙinmu na lokacin sanyi ne. Ku mi ya kawo ku?"
Na ce hutun lakwal, da arhar ɗaki.
Cima ta harare ni:
ba kowace gaskiya ake sauke wa mai gadi ba.

Da hantsi muka baro Tawa,
mu biyar cikin motar aro.
Korama ta tare mu har la'asar,
ja wur, tana kumfa, ba ta san sauri muke ba.
Muka buɗe kwanon dambun zogale a bakin gaɓa,
Harisu na ƙirga abin da ruwa ya ƙwato:
ƙwarya, reshen gawo, takalmi wari guda,
da wata kaza da ba ta yi sa'a ba.

Ɗakin na warin rufi.
Zanzaro ya yi gini a bayan ƙofa,
bai biya ko dala ba, ya fi mu daɗewa.
Cikin dare rufi ya fara ɗiga wuri uku.
Bibata ta tara da bokiti, da kofi, da murfin tukunya,
kowane da muryarsa,
ta kwanta tana ba su suna har barci ya ɗauke ta.
Ni ban runtsa ba.
Ina lissafin kuɗin mai, ina jin kunyar dabarata.

Da asuba gajimare ya sauko ƙasa da mu.
Garin ya ɓace, sai kiran salla ke hudowa daga farin.
Na fito da tabarma don Inna Tsahara ta zauna ta sha kallo,
na tarar ba ta nan,
sandarta jingine da bango.

Can gangare na hango ta,
zanenta jiƙe har gwiwa,
tana bin wani layin duwatsu da ciyawa ta kusa haɗiyewa,
tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai duba kan jikoki.

"Wannan namu ne," ta ce, ba ta waiwayo ba.
"Ni da Gaishiya da ƴar Barmu, Allah ya jiƙansu.
Nan duka tsandauri ne a lokacin,
ko akuya ba ta tsayawa.
A kai muka kwaso su, kana goye,
kana cizon mini kafaɗa.
Ladanmu hatsi da mai, ran sa'a gwangwanin kifi."

Ruwa na zuwa da gudu daga sama,
ya iske layin, ya rage murya,
ya tsaya ya shiga ƙasa.
A bayansa gero ya kai ƙugu.
Ta dafa wata bagaruwa da ta fi ɗakinmu tsawo,
ta ce tana tsammanin ita ce, ba ta rantsuwa.

Na kawo ta ne in nuna mata wuri.
Jikka bakwai kowane dare.

Kwana uku rana ba ta leƙo ba.
Tufafi sun ƙi bushewa, Cima ta yi mura,
Harisu ya koyi cin ɗanyen gero daga mai gadi.

Ranar tafiya ya miƙo littafin baƙi,
sunan ƙarshe tun watan Maris.
Akwai gurbin da aka ce: dalilin zuwa.
Na riƙe alƙalami, na rasa.
Inna ta ja littafin wajenta,
ta dangwala babban yatsa, da sauran laka a kansa,
ta ce mu yi sauri kafin korama ta cika.