Kambu

Likita ta ce jinina ya hau.
Ta ce, ko dai ka taka ƙasa, ko ƙasa ta rufe ka.
Na zaɓi na farko.
Ana sallame asuba nake barin Unguwar Rimi,
tsohon kambas a ƙafa,
waya kuwa sai inda ta sami masauki.

Ranar farko aljihun wando na ba ta.
Kowane taku sai ta doki cinyata
kamar mai bin bashi a ƙofar gida:
fito, na san kana ciki.
Kafin in kai Dandalin Murtala
mazagi ya gaji, wando ya fara sauka,
hannu ɗaya na gudu, ɗaya na riƙe da mutunci.

Kashegari na damƙe ta a tafi.
Gumi ya mai da ita tarwaɗa.
Wani mai babur ya rage gudu a gefena,
bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba, ya wuce.
Wataƙila fasinja yake nema,
Allah Ya yafe mini zato.
Na dawo gida kafaɗa a sage,
yatsu sun ƙi miƙewa har koko ya huce.

Rana ta uku, aljihun gaban riga.
Na sunkuya ɗaurin igiyar takalmi,
ta yi tsalle ta gaida kwalta.
Tsagar tana nan har yau,
ta ratsa gilashi kamar kogin garin nan,
ta raba fuskar jikata gida biyu.

Na ce, to a bar ta a ɗaki mana.
Rumasa'u ta ce, Baba, in ka faɗi a hanya, wa zai kira mu?
Kuma ita ke ƙirga takunka,
ni ban yarda da lissafinka ba.

Sai Tanimu tela, can cikin Kasuwar Barci.
Ya auna damtsena, ya auna waya,
ya yanko ƙafar wani wandon ƙwallo,
roba mai faɗi, ɗan zif, leda a ciki saboda damina.
Ya ce, kada ka matse har jini ya tsaya,
kada ka sassauta har ta yi rawa.
In yatsa biyu sun shiga tsakani, ya yi.

Da na ɗaura, sai na ga hannun kakana.
Shi ma a nan yake ɗaure nasa,
jar fata, ɗinkin baduku, ta yi baƙi don gumi,
tun yana ɗaukar ƙarfen dogo a kafaɗa.
Ba wanda ya san abin da aka rubuta a ciki,
ko shi bai taɓa farkewa ya gani ba.

Kambunsa shi ke tsaronsa.
Ni nake tsaron nawa.

Ni kam na san abin da ke ciki:
lambar uwargida,
saƙon fansho da har yau bai iso ba,
hoton nan mai tsaga,
da muryar yayana Mamuda, daƙiƙa goma sha ɗaya,
yana cewa in kira shi in na samu sarari.
Bara aka kai shi makwanci.
Ban goge ba.

Yanzu hannuwana biyu nawa ne.
Ina ɗaga wa mai ƙosai tana hura wuta,
ina ɗaga wa samarin da ke wuce ni suna cewa, Baba, da kyau.
Ba duka a cinya, ba santsi a tafi,
sai ɗan nauyi a damtsen hagu,
tazarar taƙi ɗaya daga zuciyar da ake lallashi.

In na iso gida Rumasa'u ta zuge zif,
ta duba, ta taɓe baki:
dubu shida ne kawai, Baba.
Na ce, a ƙara da na kakana.