Rigar Waya

Shekara ashirin da biyu ina gyaran wuta a Nima,
daga bakin gota har Mamobi babu rufin da ban hau ba.
Sau uku lantarki ya ja ni, na san haƙoransa.
Amma wanda ya ja ni a sahun asuba,
da na sunkuyar da wuya zan yi ruku'u,
daga ƙeya ya gangaro har dunduniya,
alhali ko ƙwai ɗaya ba ya ci a masallacin.

Sai ido ya bi sahu.
Na ga hasumiya biyu inda aka gina ɗaya,
na ga Barikisu biyu tana miƙo mini koko,
na miƙa hannu ga wadda babu.

Aka ce sammu ne, aka ce na taka sawun iska.
Na sha rubutu, na sha saiwa mai ɗaci,
ban raina wa kowa ƙoƙarinsa ba.

A Korle Bu, Dokta Ofosuwa ta aro biro ta zana zare.
Ta ce jijiya ma riga gare ta,
kuma dakarun jikina ne ke yagar rigar,
sun ɗauki ɗan gida ɓarawo.
Na yi dariya har ta tsorata.
Na ce, Dokta, wannan ai sana'ata ce,
waya ce ɓera ya ci.
Ta ce sunanta Em-Es. Ta ce ba ta da salatif ɗin naɗe ta.
Tukuna, in ji ta.

Wannan "tukuna" na ƙulle a bakin zani.

Yanzu jikina ke raba wuta unguwa-unguwa.
Yau ƙafar hagu ce a duhu,
gobe yatsu, jibi harshe ya yi nauyi.
Rana in ta take, sai gwiwa ta ce ba da ita ba.
Akwai makon da komai ke kamawa,
har in ɗauko tsani in jingina, in dube shi,
Mutawakilu ya zo ya ɗauke bai ce uffan ba.
Shi ke hawa yanzu. Ni ina ƙasa da sanda ina nuni:
ba wannan ba, jar, jar nake ce maka!

Wata ɗaliba ta zo da takardu, tana neman masu irin ciwona.
Ta ce ba ta yi mini alkawarin waraka ba.
Na ce to, kin fi masu magani a mota gaskiya.
Duk wata uku nakan hau turoturo biyu,
in ba su jini kwalba huɗu,
in kwanta cikin injin nan mai ƙara kamar maƙera,
in taka layi, ƙafa gaban ƙafa, suna ƙirga tangaɗina.
Ina da littafi, ina rubuta ranar da wuta ta ɗauke
da ranar da ta dawo.
Rubutun ya karkace. Ta ce shi ma shaida ne.

Barikisu ta ce, me za ka samu?
Na ce, gidaje nawa na ja wa waya
ban taɓa kwana cikinsu ba?

Jiya na zura zare a allura, sau tara kafin ya shiga.
Na rubuta: tara.
Wancan watan goma sha huɗu ne.