Harbi na Huɗu

A tsohon ramin fasa dutse, bayan garin Blansko,
inda ƙanƙara ke danne rassan itatuwa har su rusuna,
Jarmila ke koya mana harbi duk Asabar.
Shekarunta sittin da takwas.
Hannunta na hagu yatsu uku ne,
ba wanda ya taɓa tambaya.

Na ɗaga bindigar hannu, na saita.
Tau. Tau. Tau.
Kwanso na tsalle ta dama,
yana ƙara a siminti kamar sulalla.
Na huɗu kuwa sai fus,
kamar tsoho ya yi tari cikin bargo.
Ba ta ture hannuna ba, murfin bai ja da baya ba,
wani siririn hayaƙi ya leƙo, ya ɓace.

Zuciya ta ce: ja murfi, zubar da wannan, ci gaba,
ga Vendula can a layi na biyu tana kallo,
kada a ce ka ji tsoron abin da ke hannunka.

"Tsaya."
Ba ihu ta yi ba. Muryar ta ratsa abin toshe kunne
kamar allura ta ratsa ƙyalle.
"Ɗauke yatsa daga kunama.
Bakinta ya ci gaba da kallon tudun ƙasa.
Kada ka juyo da ita, ka dube ni da kunne.
Yanzu ƙirga talatin.
Akwai harsashi mai nauyin barci,
yana farkawa a makare,
daidai lokacin da ka buɗe masa ƙofa."

Na ƙirga.
A tara, hankaka ya yi kuka.
A sha bakwai, jirgin ƙasa ya wuce ta kwari.
Hannuna na rawa, ƙarfen na ƙara nauyi.
Ban taɓa sanin talatin na da nisa haka ba.

"Kurtu za ka fara cirewa.
Sannan ja murfi, kulle shi a baya.
Duba ɗakin harsashi da ido, sake dubawa da ɗan yatsa,
don ido kan yi ƙarya in rai na sauri."

Kwanso ya faɗo, wayam, baƙi ƙirin da toka.
Ta ɗauka, ta shinshina, ta miƙa min madubin hangen nesa.
"Huji nawa ka gani a takarda?"
Uku.
"To ina na huɗu ya kwana?"

A kan benci muka kwance ta, gaɓa-gaɓa.
Na ɗaga bututun, na auna farin sama.
Babu haske. Duhu ne toshe kamar rijiyar da aka cike.
Ta zura tsinken tagulla, ya tafi kaɗan, ya cije.
Albarushin bai isa ba,
harsashin ya kama hanya, ya gaji, ya zauna a tsaka.

"Da ka ƙara ɗaya," in ji ta,
"da na baya ya tarar da na gaba a kafa.
Biyu ba sa wucewa. Ƙarfe ne ke ba su hanya."

Sai ta laluba aljihun rigar sanyinta
da hannun nan mai yatsu uku,
ta fito da wani tsohon bututu,
ya tsage gida huɗu kamar raken da aka tauna.
Ta ajiye shi kusa da nawa.
"Ni ma fus na ji.
Ni ma ana kallona."

Ba ta ƙara ko kalma ba.
Ta rubuta lambar kwalin harsashin a littafinta,
ta ware shi gefe, ta ɗaure da jan zare.
Bindiga kuma sai Litinin, in maƙeri Kvetoslav ya duba ta.

A motar komawa gida, tagar ta yi raɓa.
Harsashin da bai isa ko'ina ba yana aljihuna, da sanyi.
Na shimfiɗa tafina a jikin gilashi,
na ɗauke,
na tsaya ina ƙirga sawun da ya bari.