Tayoyi Goma Sha Takwas

Kafin kiran assalatu a tashar Gadarif
na zagaya tirela da guduma,
kamar mai duba marasa lafiya.
Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.
Ta bakwai ta amsa da muryar mai ciwon ƙirji.

Goma sha takwas ne, Ilu ya raɗa wa kowacce suna:
ga Mai-Faci-Huɗu, ga 'Yar Kassala,
ga Baƙuwa, da maigida ya sayo ran Talata
muka ba ta gaba, hannun dama, don ta fi su zane.
Ta bakwai kuwa Tsohuwa muke ce mata.
Sanƙonta ya fi na limamin unguwarmu sheƙi,
wayoyi sun leƙo ta gefenta kamar furfura.

Na ce, Attayib, sunkuya ka gani.
Ya kurɓi jabana, idonsa na kan lissafi:
"Sawu ɗaya, Barau. Riɗin nan na shiga jirgi
zan canja maka har safaya."
Sawu ɗayan nan tun kakar bara yake haihuwa.

Buhu ɗari shida a bayana,
kuɗin makarantar Gaje a gabana.
Na yi bismilla, na sa giya.

Bayan Kassala rana kan sauko ne ta zauna bisa kwalta.
Rediyo na ta surutu, ban san me ya ce ba,
kunnena na ƙarƙashin mota
yana ƙirga numfashin Tsohuwa.
Gefen hanya ga ɓawon tayoyin wasu,
baƙi, a murɗe, kamar saɓar maciji.
Kowane yanki, akwai direban da aka ce wa sawu ɗaya.

A Haya muka tsaya cin wake da burodi.
Ilu ya kwara mata ruwa, ta yi huci,
ya dafa ta: "Haƙuri, Iya. Saura Akaba."

Akaba.
Gangara ce mai kwana cikin kwana,
dutse a hagu, a dama babu komai sai iska.
Can ƙasa har yau ana hango ƙashin motar Jibo,
tsatsa ta cinye lambar.
Ni na kai wa uwarsa hularsa.

A kwana ta biyar aka harba bindigar da babu maharbi.

Sitiyari ya zama bijimi a hannuna.
Ƙafata ta nemi birki, na hana ta,
don wanda ya koya mini tuƙi ya ce
birki a irin wannan wuri sa hannu ne a takardar mutuwa.
Shahada a baki, giya a hannu,
Ilu na kiran sunan uwarsa,
ƙarfe na karce kwalta har da tartsatsi.
Muka tsaya.
Tsakaninmu da Jibo bai fi taki biyu ba.

Na sauka, gwiwata ba tawa ba,
na nufi ta bakwai da zagi a bakina.
Tana nan. Da zafinta, da furfurarta, cike da iska.

Baƙuwa ce ta tarwatse.
Na ɗauki yanki na duba a hasken rana:
zanen da muka yaba, da wuƙa aka sassaƙa shi,
aka shafa mata baƙin mai ta yi kyan kasuwa.
Ta girmi Tsohuwa.

Muka kafa jak, muka ɗaura safaya,
wadda ita ma ba ta da abin faɗa.
Ilu ya tsinci ɓawon ya cusa bayan kujera,
wai zai kai wa baduku a yanka masa takalmi,
irin wanda mutanen nan ke kira ka-mutu-ka-bar-shi.

Waya ta yi ƙara. Atine ce.
"Kun sauka?"
Na dubi ramin, na dubi sauran goma sha bakwai.
Na ce, lafiya lau, ga teku can muna hangowa.